Labarin Nicolae Dobrin, Gwanin Tamaula Na Ƙasar Rumaniya

A cikin labaran mutanen da suka shuɗe waɗanda mukan kawo wa masu karatu a wannan shafi, yawanci sarakuna ne da malamai da mayaƙa. Yau kuwa labarin wani ɗan wasan tamaula za mu ba da, mutumin ƙasar Rumaniya da ke gabashin Turai, sunansa Nicolae Dobrin. Watakila wani dattijo ya ce me ya kai ɗan ƙwallo wannan matsayi. To, a yi mana haƙuri a karanta tukuna, gama labarin nan ba na wasa kaɗai ba ne. Labari ne na mutumin da Allah ya hore wa baiwa wadda ta isa ta kai shi ko'ina a duniya, amma sau biyu ana rufe masa ƙofa yana tsaye a bakinta, sau ɗaya malaminsa ne ya rufe, sau ɗaya kuwa Gwamnatin ƙasarsa.

An haifi Dobrin ran 26 ga watan Agusta, 1947, a garin Piteshti, wanda ke bakin kogin Arjesh, wajen mil 70 arewa maso yamma da Bukares babban birnin ƙasar. Shekarar haihuwarsa shekara ce ta juyi a Rumaniya, domin yana da wata huɗu a duniya, watau ran 30 ga Disamba, 'yan Kwaminis suka tilasta wa Sarki Mika'ilu ya yi murabus, suka soke sarautar ɗungum. Saboda haka tun daga goyo har ya ba shekara 40 baya, Dobrin bai san wani mulki ba sai na jam'iyya guda. Garinsu ma ya yi mugun suna a farkon wannan zamani, saboda wani kurkuku da ke cikinsa inda aka gana wa ɗalibai 'yan siyasa azaba mai tsanani tsakanin 1949 da 1951. Daga baya garin ya bunƙasa da masana'antu, aka kafa matatar mai, a 1968 kuma aka buɗe ma'aikatar motoci ta Dacia kusa da shi.

Ya kamata mu bayyana yadda sha'anin ƙwallo yake a ƙasar a wancan zamani, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito sosai ba. A ƙarƙashin mulkin Kwaminis babu ƙungiyar wasa da ke hannun wani attajiri, kowace tana rataye da wata ma'aikata ta Gwamnati. Biyu ne suka fi sauran ƙarfi, dukansu a Bukares: Steaua, wadda ma'anar sunanta tauraro, ita ce ta soja, sai Dinamo ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, watau ta 'yan sanda. In yaro ya yi fice a wani lardi, ba a daɗewa sai ɗaya daga cikinsu ta miƙo hannu, ga shi kuwa ƙin amsa kiran soja ko na ɗan sanda ba abu ne mai sauƙi ba. A takarda 'yan wasa ba su cin abinci da ƙwallo, an rubuta su ma'aikata ne ko hafsoshi. Fita waje kuwa don yi wa wata ƙungiya wasa, sai da yardar hukuma, ita kuwa ba ta cika yarda ba.

Ƙungiyar Piteshti an kafa ta a 1953, da sunan Dinamo Piteshti, a 1967 ne aka sāke mata suna aka kira ta Arjesh, sunan kogin da lardin. Dobrin ya tashi yana buga ƙwallo a fegi tare da yaran unguwa, kamar yadda yara ke yi ko'ina. A nan wani mai koyar da 'yan wasa, Leonte Ianovschi, ya gan shi yana ɗan shekara 12, ya kai shi sashen yara na ƙungiyar. Ran 1 ga Yuli, 1962, aka sa shi cikin manya a gasar aji na ɗaya, a wasan da suka yi da ƙungiyar Jami'ar Cluj. Shekarunsa 14 da wata 10, ba a taɓa ganin mai ƙanƙantar shekaru kamarsa a gasar ba. Malamanmu na makaranta sun san yaro mai waɗannan shekaru, ga shi ƙashinsa bai gama ƙwari ba, muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba. A tuna irin wannan yaro, sa'an nan a ɗauka an jefa shi tsakanin ƙarti masu iyali. An lallasa su 5 da 1 ran nan, ƙungiyar kuma ta faɗa aji na biyu a wannan shekara, amma ta komo a 1963, yaron kuwa yana cikinta.

Wurin tsayawarsa a fili tsakiya ne, bayan masu kai hari. Aikin ɗan tsakiya irinsa shi ne ya karɓi ƙwallo daga 'yan baya, ya dubi fili, ya raba wa 'yan gaba, shi ne kamar madugu a cikin ayari. Waɗanda suka ga wasan Dobrin sun haɗu a kan abu uku. Yana yanka abokin karawa ba tare da ya yi wani gudu mai yawa ba, sai dai ya karkata jiki mutum ya bi iska. Yana aika ƙwallo daga nesa ta sauka a ƙafar wanda ya nufa. In kuwa aka ba da bugun tazara kusa da raga, mai tsaron gida ya shiga uku. Sun kuma haɗu a kan aibinsa, ba ya son komawa baya don ƙwato ƙwallo, wannan wahala yakan bar wa wasu. Mutanen garin suka laƙaba masa suna biyu. Na farko Gascanul, watau namijin dinya, tsuntsun nan mai kama da agwagwa amma ya fi ta dogon wuya, saboda irin tafiyarsa. Na biyu Yariman Trivale, Trivale kuwa wani kurmi ne a gefen garin, kusa da filin wasansu.

Suna bai yi masa wuyar samu ba. A 1965 ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe na Kofin Rumaniya, 'yan Cluj ɗin nan dai suka sāke cin su, 2 da 1. Ran 1 ga Yuni, 1966, ya fara yi wa ƙasarsa wasa, da Jamus ta Yamma, bai cika shekara 19 ba. A watan Nuwamba na wannan shekara ya jefa wa Italiya ƙwallo a birnin Naples, ko da yake Italiya ce ta ci wasan 3 da 1. A gasar Turai ta 1966 zuwa 1967 'yan Piteshti suka fitar da Sevilla ta Sifen, suka je Toulouse a Faransa aka ci su 3 da babu, kowa ya ce magana ta ƙare, sai suka komo gida suka rama da 5 da 1. Dinamo Zagreb ce ta tsai da su, ita ce kuwa ta ɗauki kofin a bana ɗin. Aka zaɓe shi gwanin 'yan wasan ƙasar a 1966, aka sāke a 1967, sa'an nan a 1971.

Yanzu mun zo ga ƙofa ta farko. Rumaniya ta halarci gasar Kofin Duniya uku na farko, 1930 da 1934 da 1938, daga nan kuwa shiru har shekara 32. A wasannin neman shiga gasar 1970 aka haɗa ta da Fotugal da Girka da Suwizalan. Fotugal ce abin tsoro, domin ita ta zo ta uku a duniya a 1966, ga kuma Eusebio a cikinta. Ran 12 ga Oktoba, 1969, a Bukares, Rumaniya ta ci Fotugal 1 da babu, Dobrin ne kuwa ya jefa ƙwallon. Wata guda bayan haka suka yi kunnen doki da Girka, hanyar Meziko ta buɗe.

Aka tafi da shi Meziko cikin 'yan wasa 22, yana ɗan shekara 22 shi ma, yana kan ganiyarsa. Ƙuri'a ta jefa su rukuni mafi wuya, a birnin Guadalajara, tare da Ingila mai riƙe da kofi, da Birazil wadda za ta karɓe shi, da Cekosulobakiya. Ingila ta ci su 1 da babu. Suka ci Cekosulobakiya 2 da 1. Birazil ta ci su 3 da 2, Pele ya jefa biyu. A duk wasannin nan uku Dobrin bai taka fili ba ko na minti ɗaya. Abin da ya ƙara wa maganar zafi, wannan ce gasar Kofin Duniya ta farko da aka yarda a canja 'yan wasa biyu ana cikin wasa, saboda haka ba a rasa hanyar sa shi ba ko da a ƙarshen lokaci ne.

Mai koyar da 'yan wasan ƙasar, Angelo Niculescu, mutum ne mai tsari, mai son horo. Ya shirya wasansa bisa riƙe ƙwallo da jan lokaci, kowa ya yi aiki gaba da baya, ba a ɗauke wa kowa wahala. Hujjarsa ita ce Dobrin ba ya bin doka a sansani, a fili kuma ba ya bin tsari, saboda haka ya fifita Emerich Dembrovschi a wurin. Mutumin nan ya rayu har 2015, ya haura shekara 90, har ƙarshen ransa kuwa 'yan jarida ba su daina tambayarsa wannan magana ba.

A nan za mu faɗi namu ra'ayi, domin duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san wannan matsala. Akwai yaron da ke fahimtar darasi tun malami bai rufe baki ba, amma shi ne mai makara, shi ne ba ya share fili ran Asabar. In ka ƙyale shi ka ɓata sauran, in ka kore shi ka yi hasarar wanda zai fid da makarantarka kunya ran jarrabawa. Ba za mu ce Niculescu ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Dembrovschi ɗin da ya zaɓa shi ya jefa ƙwallon da ta kai su Meziko a wasan Girka, shi ya kuma jefa wa Birazil ta biyu, tsarin nasa kuwa ya sa manyan duniya biyu ba su fi su da kome ba sai ƙwallo ɗaya ɗaya. Amma horo magani ne, akan ba da shi gwargwadon cuta. Hana mutum wasa ɗaya horo ne. Hana shi duka uku, har da minti goman ƙarshe na wasan Birazil sa'ad da ake neman mai farke ci ruwa a jallo, wannan a ganinmu ya wuce gyaran yaro ya koma taurin kan malami. Abin da ya ƙarfafa mana wannan zato shi ne, da aka komo gida Niculescu da kansa ya ci gaba da sa shi. A 1972, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na Kofin Turai, inda Rumaniya ta kara da Hangari har sau uku kafin a fitar da ita a Belgrade, Dobrin ya jefa ƙwallo a wasan Bukares da aka tashi 2 da 2. Ashe dai tsarin yana iya ɗaukarsa. Sai dai Rumaniya ba ta sāke zuwa Kofin Duniya ba sai 1990, bayan ya rataye takalma.

A gida kuwa sai abin ya yi ta gaba. A 1972 Arjesh, a hannun wani saurayin malami mai suna Florin Halagian, ta zama zakarar ƙasar, karo na farko a tarihinta. Wannan ya ba ta damar shiga gasar zakarun Turai. Ta yi waje da wata ƙungiya ta Lukzambur ba wuya, sai ƙuri'a ta haɗa ta da Real Madrid, wadda a lokacin ta riga ta ɗauki kofin sau shida. Ran 25 ga Oktoba, 1972, Madrid ta zo Piteshti. Dobrin ya buɗe ci, Madrid ta farke, Arjesh ta ƙara, aka tashi 2 da 1. A wasa na biyu a Madrid ana 2 da 1, watau jimla 3 da 3, saura minti uku a tashi, sai Santillana ya jefa ta uku. Da haka aka fitar da su.

An fitar da ƙungiyar, amma mutum ɗaya ya zauna a zuciyar Santiago Bernabeu, tsohon nan da ya shugabanci Real Madrid tun 1943, wanda ya kawo Di Stefano da Puskas. Ya nemi a sayar masa da Dobrin. Kuɗin da jaridun Rumaniya suka daɗe suna ambata dala miliyan 2 ne, a zamanin da ba a saba jin irin wannan adadi a kan ɗan wasa ba. Amma ciniki ba a hannun Arjesh yake ba, balle a hannun mai ƙafafun. Magana ta hau har wurin shugaban ƙasa, Nicolae Ceausescu, wanda ke mulki tun 1965, amsa kuwa ta komo a'a. A wurin masu mulki ɗan wasa irin wannan dukiyar ƙasa ne, ba a sayar wa baƙi, balle ga Sifen ta Janar Franco, wanda ya yi suna wajen gāba da Kwaminis. Iyakar abin da aka yarda, a watan Disamba na 1972 ya je Madrid ya sa farar rigar ƙungiyar sau ɗaya tak, a matsayin baƙo, a wasan ban kwana da aka shirya wa Francisco Gento. Aka tashi ya hau jirgi ya komo Piteshti. Shekarunsa 25.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana shi ya maƙale a can? Wasu sun yi haka daga baya. Marcel Raducanu, ɗan wasan Steaua, ya ƙi komowa daga Jamus ta Yamma a 1981, aka yanke masa hukunci a bayan idonsa a kan ya gudu daga aikin soja. Wanda ya gudu kuwa ya bar iyaye da mata da 'ya'ya a hannun 'yan sandan ciki, ba kuma ranar sāke ganinsu. Dobrin bai bi wannan hanya ba. Haka nan bai koma Bukares ba, ko Steaua ko Dinamo babu wadda ya taɓa sa wa riga, alhali can ne ake samun gida mai kyau da muƙami da kofuna. Wannan ne asalin ƙaunar da mutanen Piteshti suka yi masa, gama sun san abin da ya bari ya zauna da su.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin faɗa mai yawa, Arjesh tana hawa tana sauka, kofuna suna tafiya wasu garuruwa. Sai a 1978 ta sāke ɗagowa, ta ci Valencia ta Sifen 2 da 1 a gida, ko da yake an rama mata da 5 da 2 a can. Sa'an nan aka zo ranar da har gobe ita ake fara ambata in an yi zancensa.

Ran 24 ga Yuni, 1979, ranar ƙarshe ce ta gasar ƙasa. Ƙungiya biyu ke neman kofin, Arjesh da Dinamo Bukares, ga shi kuwa tsarin wasanni ya haɗa su da juna a wannan rana, a filin Dinamo. Halagian na nan a kan aikinsa. A tuna ko wace ce Dinamo a wancan zamani, da irin mutanen da ke zaune a rumfar manyan baƙi suna goyon bayanta. Aka yi ta ba ni in ba ka har ci ya kai 3 da 3, lokaci ya kusa cika. Nan fa Dobrin, yana ɗan shekara 31, shekara 17 ke nan yana cikin wannan gasa, ya karɓi ƙwallo ya ratsa 'yan bayan Dinamo ya zura ta a raga. Aka tashi 4 da 3. Kofi ya tafi Piteshti karo na biyu. Waɗannan biyu, na 1972 da na 1979, su ke nan Arjesh ta taɓa ɗauka, duka kuwa da shi aka ɗauko.

A gasar zakarun Turai da ta biyo baya suka fitar da AEK ta Atina, sa'an nan suka faɗa hannun Nottingham Forest ta Ingila, mai riƙe da kofin, ta ci su gida da waje. Wasansa na ƙarshe wa ƙasarsa a 1980 ne. Jimla ya yi mata wasa 48, ya jefa ƙwallo 6, adadin da ya yi kaɗan ƙwarai ga mutumin da ya shekara 14 ana kiransa. Da ƙarfi ya fara raguwa ya je garin Targovishte da ke maƙwabtaka da su ya yi ɗan lokaci, sa'an nan ya komo gida ya yi wasansa na ƙarshe a gasar aji na ɗaya a 1983. A gasar aji na ɗaya ya yi wasa 409, ya jefa ƙwallo 111.

Ya gwada aikin koyarwa a tsohuwar ƙungiyarsa, amma bai yi fice a ciki ba kamar yadda ya yi a fili. Wannan ba abin mamaki ba ne, mun sha ganin haka, wanda abu ya zo wa a sauƙaƙe ba ya cika iya bayyana wa wani yadda ake yinsa. Yana nan a Piteshti sa'ad da aka hamɓarar da Ceausescu aka harbe shi ran 25 ga Disamba, 1989. Da ƙofa ta buɗe 'yan wasan Rumaniya suka yi ta kwarara zuwa yammacin Turai. A 1990 Gheorghe Hagi, wanda shi ma ɗan tsakiya ne mai lamba 10, shi ma yana da shekara 25, ya bar Steaua ya tafi Real Madrid, ƙungiyar da aka hana Dobrin shekara 18 kafin nan. Har yanzu in tsofaffin Rumaniya suka zauna sukan yi gardama a kan wanda ya fi wani tsakanin su biyu. Gardama ce mai wuyar yankewa, domin Hagi duniya ta gan shi a Kofin Duniya uku, shi kuwa Dobrin yawancin wasanninsa a filayen larduna aka yi su, hotunan da suka rage kaɗan ne, su ma dishi-dishi.

Mutum ne mai shan taba ƙwarai, a ƙarshe kuwa ciwon daji ya kama shi a huhu. Ya mutu ran 26 ga Oktoba, 2007, a Piteshti, wata biyu daidai bayan ya cika shekara 60. Dubban mutane suka fito rakiyar gawarsa, aka binne shi a garin da aka haife shi. Filin wasan da ke gefen kurmin Trivale, inda ya ci Real Madrid, an sa masa sunansa.